Hoton da Baba Ayuba Ya Hana a Yanka

Wannan abin da zan ba ku da ni ya faru, ba a bakin wani na ji ba, kuma wallahi ban ƙara masa gishiri ba, in ma akwai abin da na yi to ragewa ce. Shekara ashirin da wani abu ke nan, lokacin ina aikin wanke hoto a wani ɗan situdiyo a Kakuri, cikin Kaduna, ina zaune a Makera, da ƙafa nake zuwa in koma. Wanda ya san Kakuri sa'ad da masaƙu ke aiki ya san yadda wurin yake, in aka tashi ma'aikata ba ka samun inda za ka sa ƙafa, kuma kowa yana neman fasfo, ko hoton da zai aika ƙauye a ga ya yi ƙiba. To a lokacin da nake ba ku labari duk wannan ya wuce, masaƙu sun fara rufewa ɗaya bayan ɗaya, hoto mai kala ya cinye kasuwa, mu kuma muna nan muna fama da baƙi da fari kamar waɗanda ba a gaya wa duniya ta canza ba.

Mai situdiyon sunansa Baba Ayuba, mutumin kudancin Kaduna ne, dattijo a cocinsu, dogo siriri, ba ya son yawan magana. Malam yake ce mini, ba don na san wani karatu ba, sai don ya ga ina ajiye aiki in tafi salla. Shi ke ɗauka, ni ke wankewa, amma shi ya koya mini wankin, kuma har ya bar duniya bai taɓa yarda cewa na iya ba. In na fito da hoto mai kyau sai ya juya shi, ya duba bayansa, ya ce ba laifi.

Bari in ɗan yi muku bayanin aikin, don na san yawancinku da waya kuka tashi. Akwai wani ɗan ɗaki a bayan situdiyo, ba taga, in na miƙa hannu biyu ina taɓa bango da bango, fitilarsa guda ce ja, mai dishi-dishi. A ciki akwai injin da muke kira inlaja, fitila ce a kan dogon ƙarfe, ka sa fim a ƙarƙashinta ta haska hoton a kan tebur, in ka ɗaga kan injin hoton ya ƙara girma, in ka sauke ya ƙanƙance. Sai ka shimfiɗa takardar hoto a wurin, haske ya zauna a kanta na 'yan sakanni, ka ɗauka ka tsoma a ruwan magani, hoto ya fito. Duk aikin a 'yan sakannin nan yake. In haske ya yi yawa mutum ya fito baƙi ƙirin ba ka gane hanci da baki, in ya yi kaɗan ya fito fari-fari kamar wanda ya tashi daga jinya. Kuma duk sa'ad da ka ɗaga injin ko ka sauke shi lissafin ya canza, sai ka yanki ɗan tsirin takarda ka yi gwaji tukuna.

Abin da ke ƙirga sakannin shi ne taima. Namu wani tsohon akwati ne na ƙarfe ruwan toka, bai fi girman burodi ba, da lambobi zagaye a fuskarsa da allura. Ka murɗa allurar zuwa lambar da kake so, ka danna maɓalli, fitilar inlaja ta kama, yana ta ƙyas-ƙyas har lokaci ya cika ya kashe ta da kansa, allurar kuma tana nan inda ka ajiye ta. Baba yana da wata ɗabi'a, ba ya danna maɓallin sai ya ƙwanƙwasa kan akwatin sau biyu da bayan yatsa, wai a da can yana maƙalewa. Ni da kaina na buɗe shi na sa masa mai, ya daina maƙalewa tun tuni, amma Baba bai daina ƙwanƙwasa ba. Na ce masa, Baba, ko sallama kake yi masa ne? Ya ce in ma sallamar ce, ai akwatin ya girme ni.

Sai kuma maganar hannu. Fuskar baƙin mutum tana saurin ƙonewa a takarda, musamman in ya sa fararen kaya, saboda haka yayin da fitila ke kunne sai ka shigar da hannunka tsakanin ta da takarda, ka yi wa fuskar inuwa na ɗan lokaci, kana kaɗa hannun ba tsayawa. In ya tsaya cak, siffarsa za ta fito fara tas a jikin hoton. Baba ya sha gaya mini, "Hannu ba ya tsayawa, Malam. Ba hannunka aka zo ɗauka ba." Shi nasa hannun ba ya ɓoyuwa, manunin yatsansa na dama guntu ne, gaɓa ɗaya babu, wuƙar yankan takarda ce ta ɗauke masa tun yana saurayi.

Aikin da ya riƙe mu bayan kasuwa ta mutu shi ne hoton jana'iza. Mu dai in mutum ya rasu da safe kafin azahar an rufe shi, ba ruwanmu da hoto, amma su Baba suna ajiye gawa a asibiti har dangi su taru, kuma dole a sami babban hoton mamacin a firam, a ajiye a tebur daren zaman makoki, washegari wani daga cikin 'ya'ya ko jikoki ya riƙe shi a gaban akwatin gawa har bakin kabari. To yawanci ba mai hoton kansa shi kaɗai, sai su kawo na biki ko na taron coci, su ce a ciro mamacin a faɗaɗa shi. Muna yi, abincinmu ke nan, amma Baba bai taɓa yi ba tare da ƙunƙuni ba. Sai ka ji shi yana cewa, ranar da aka ɗauka mutumin nan ba shi kaɗai ya tsaya ba, yau don ba ya iya magana an tsayar da shi shi kaɗai. Ni kuwa sai in ce, Baba, miƙo mini fim ɗin dai, masu shi suna jira.

Da damina Baba ya kwanta, ciwon bai daɗe ba ya rasu. Na ji mutuwarsa ƙwarai, ba zan ɓoye ba, duk da ban taɓa gaya masa ina ƙaunarsa ba, shi ma ba irin mutumin da ake gaya wa haka ba ne. Kwana biyu da rasuwarsa, sai babban ɗansa Bitrus ya zo situdiyo, yana aiki ne a wajen Rido, kusan sa'ana ne, ya ce Malam, a nemo mana hoton Baba mai kyau a faɗaɗa. Na ce wannan ai mai sauƙi ne. Ashe ba mai sauƙi ba ne.

Mutumin da ya ɗauki rabin Kakuri hoto, na aure da na suna da na kammala makaranta, shi ba shi da ko ɗaya. Mun zazzage kwalaye, mun ɗaga fim bayan fim a hasken ƙofa har idanuna suka fara ruwa, babu. Hoton iyali shi ya ɗauka, na coci shi ya ɗauka, bikin Bitrus ɗin ma shi ya ɗauka, aka yi aka yi ya shiga ya ce wa zai riƙe kyamara. Akwai na jikin wani tsohon katin shaida, amma ya sha wanki a aljihu, fuskar ta koma kamar tabon mai. Bitrus ya zagaya dangi, ya zagaya abokan Baba, ya dawo hannu rabbana. Matar Baba kuwa, Mama Rifkatu, abin ya fi damunta fiye da kowa, aka ce ta daina cin abinci, tana cewa yaya za a kai mijinta ƙauye ba fuska, mutane su ce mai hoto ya mutu ba hoto, jikokinsa ƙanana su tashi ba su san kamanninsa ba.

Sai ranar da za a tafi da gawar. Motar za ta tashi daga asibiti bayan la'asar, ni kuma na buɗe situdiyo da hantsi don kawai na rasa inda zan sa kaina, sai ga Mama Rifkatu da Bitrus sun sauka daga acaɓa biyu, tun daga Kamazou. Ta kwance bakin zaninta ta fito da wata 'yar takarda a ninke, a ciki fim ne guda ɗaya, irin faffaɗan nan mai kusurwa huɗu na tsohuwar kyamara. Ta ce tana ciro kayan da za ta sa daga ƙasan akwati ta gan shi.

Na ɗaga shi a haske. Mace ce zaune a kujera, matashiya, bayanta akwai wadurof mai dogon madubi, a cikin madubin kuma can gefe ga wani mutum tsaye, ɗan ƙarami bai fi ƙwayar wake ba, ya riƙe kyamara a cikinsa ya sunkuyar da kai yana leƙa ta, don irin wannan kyamarar ta sama ake dubawa. Goshi kawai ake gani da karan hanci.

Mama ta ce, "Ni ce nan, shi ne wancan. A ɗakinmu na farko ne, ranar da aka kawo wadurof ɗin. Ya ce in ajiye fim ɗin zai wanke mini babba. Kullum zai wanke, zai wanke, har muka yi jikoki."

Na ce, "Mama, kansa a ƙasa yake, fuskar ba za ta fito sosai ba."

Ta ce, "Ko goshin ne, ɗana, a fitar mini da shi. Wanda ya san shi zai gane."

Bitrus ya ce ya riga ya biya wajen masu wankin kala tun da safe, sun ce injinsu ba ya karɓar fim mai wannan faɗin. Saboda haka ni ne dai, da inlaja, da taima. Na duba kwalin babbar takarda, guda huɗu suka rage, kuma mutumin da ke kawo mana ita ya daina kawowa tun bara. Na gaya musu haka, na ce su zauna a benci, na shiga ɗaki na sa sakata.

Na ɗaga kan inlaja har ƙarshen ƙarfen, don in sa ɗan mutumin cikin madubi ya cika takarda, Mama da kujerarta suka fita gefe suka zube a bango. Na yanka takarda ɗaya tsiri-tsiri na yi gwaji a kan rigarsa da kyamarar, har na ƙarar da su, lissafi ya tsaya a sakan arba'in. Na shimfiɗa ta farko, na murɗa allura, na danna. Fitila ta kama, ban gama gyara tsayuwata ba ta mutu. Na tsoma takardar duk da haka, ta fito fari-fari, sai wata inuwa kamar hayaƙi. Na yi tsaki, na ce tsohon akwatin nan yau ya ga damar nuna hali. Na gwada shi ba takarda, na sake gwadawa, na kuma sakewa, ina bi da agogon hannuna, kowane karo sai ya cika arba'in ɗinsa daidai, ko sakan ɗaya bai ci ba.

Na shimfiɗa ta biyu. Wannan karon ban ɗauke ido daga kan taima ba, na kafa masa ido a jan hasken nan kamar mai gadin ɓarawo, hannuwana duka biyu a bakin tebur, don a ganina ba a bukatar yi wa fuskar inuwa. Ya yi ƙyas-ƙyas ɗinsa har ƙarshe ya kashe. Na ce alhamdu lillahi, na tsoma a magani ina karkaɗa tiren a hankali. Gefen madubi ya fito, riga ta fito da maɓallanta, kyamara ta fito, igiyarta ta fito ta hau kafaɗa. Inda kai ya kamata ya kasance sai ga hannu. Fari tas, a buɗe, ya rufe kan gaba ɗaya, gefensa a yanke sarai irin na hannun da bai motsa ba ko kaɗan. Manunin yatsan guntu ne.

Ban yi ihu ba, ban kuma gudu ba, kada in yi muku ƙarya in ce na yi wata jarumta ko na suma. Abin da na yi shi ne na ɗauraye takardar na tsoma ta a ruwan da ke kama hoto, kamar kullum, don jiki ya riga ya saba. Daga nan na ɗaga hannuna na dama a jan haske na duba yatsuna, wallahi sai da na duba, suna nan cikakku. Na juya na kalli bayana, bango ne da tawul a rataye. Na zare sakata na fito da takardar tana ɗigar ruwa.

Bitrus ne ya fara karɓa. Ya kalla, ya kalle ni, ya ce, "Malam, wannan wane irin wasa ne? Yau ranar wasa ce?"

Na ce, "Ni ma haka na gan shi."

Mama ta miƙo hannu ya ba ta. Ta ɗora a cinyarta ba ta damu da jiƙewar zani ba, ta daɗe tana kallo, sannan ta ɗora tafin hannunta a kan farin hannun, nata ya shige ciki. Ta tambaye ni, ba tare da ta ɗago ba, ina ita a hoton. Na ce na fitar da ita gefe ne, don shi ake so.

Ta ce, "Ka yanke ni."

Na ce, "Haka ake yi, Mama."

Ta ce, "Na san haka ake yi. Shekara nawa yana dawowa gida yana mini mitar haka ake yi. Saura takarda nawa?"

Na ce ɗaya.

Ta ce, "To ka fitar da mu tare, yadda ya ɗauka."

Nan Bitrus ya miƙe tsaye. Ya ce Mama ba zai yiwu ba, ba a riƙe hoton mai rai a gaban akwatin gawa, dattawan ƙauye za su yi magana, za a ce ana kira mata mutuwa, kuma Baban ma a ciki bai fi ɗan yatsa ba, wa zai gan shi. Ya juya Turanci, ya dawo Hausa, ya shiga yarensu, duk tana zaune tana jin sa. Da ya gama ta ce, "Bitrus, ni zan riƙe da hannuna. Wanda zai yi magana ya zo ya same ni." Ya koma ya zauna, ya dafe kai.

Ni damuwata daban ce. Na gaya mata in na sauke injin don hoton ya shiga gaba ɗaya lissafin arba'in ɗin nan ya tashi a banza, kuma ba ni da ko tsiri ɗaya na gwaji, sai dai in yi kintace, in kintacen ya kuskure shi ke nan, ba wata takarda a Kaduna da zan samo kafin la'asar. Ta ce in yi abin da na iya, sauran ba nawa ba ne. Na ce su ba ni minti kaɗan, na je masallacin bayan layi na yi azahar, na dawo. Ba zan ce na yi wata doguwar addu'a ba, tsoro dai nake ji, kuma ba na son su gani.

Na shiga na sa sakata. Na sauke kan inlaja a hankali, Mama ta dawo daga bango ta zauna a tsakiyar tebur, wadurof ya dawo, ɗan mutumin ya koma gefensa ya ƙanƙance. Na daidaita har ya yi tsaf, na kashe, na tsaya ina lissafi a kaina, na ce sha biyar, na murɗa allura na ajiye ta a sha biyar. Na ciro takardar ƙarshe na shimfiɗa, na yi bisimilla, na kai hannu wajen maɓalli.

Ban taɓa shi ba aka ƙwanƙwasa kan akwatin sau biyu.

Ba ɓera ba ne, ba ƙarfe ne ke saki ba, na san wannan ƙarar kamar yadda na san tarin mahaifina. Sai na ji allura tana murɗawa baya, ƙiris-ƙiris, sannan fitila ta kama. Ni dai na mai da hannuwana bayana na haɗa su, kamar yadda nake yi a farkon zuwana in Baba ya ce matsa in nuna maka. Irin abubuwan da ake faɗa a labari, sanyi ko wari ko tashin gashi, ban ji ko ɗaya ba, ɗakin yana nan da zafinsa da warin magani. Abin da na gani kawai inuwa ce ƙarama a kan takardar, tana rawa a kan fuskar Mama, ba ta tsayawa, ta ɗan jima a nan, ta zame ta koma kan madubi ta yi rawa kaɗan, ta janye. Na ɗaga ido na kalli tsakanin fitila da tebur, ba komai a wurin. Taima ya kashe.

Na daɗe a tsaye kafin na iya ɗaukar takardar. Da na tsoma ta, ɗankwalin Mama ne ya fara fitowa, sai idanu, sai baki a ɗan buɗe kamar za ta yi dariya ta fasa. Na wanke hotuna da ban san adadinsu ba a ɗakin nan, kafin ranar da bayanta, ban taɓa fitar da fuskar baƙar mace haka ba, kowane haske a wurinsa, kumatu, goshi, har ɗan gumin da ke saman leɓenta. Wannan ba aikina ba ne, ni na san iyakar hannuna. Na gama ɗaurayewa na kunna farar fitila, abin da na fara dubawa taima ne, allura tana kan tara.

Sannan na dubi madubin cikin hoton. Baba yana tsaye da kyamara a cikinsa, matashi, da gashinsa cike da kai. Amma kansa ba a sunkuye yake ba. Ya ɗago, fuskarsa gaba ɗaya a fili, ƙarama amma tsaf, ba kyamara yake kallo ba, ita yake kallo.

Na zare fim ɗin daga inlaja na ɗaga shi a farar fitila, na sa gilashin da muke ƙara girman abu da shi. Goshi da karan hanci, kai a ƙasa. Na kalli takarda, na kalli fim, na sake kallon takarda. Daga nan na daina, don na ga in na ci gaba ba abin da zai canza sai dai kaina.

Na busar da shi, na sa a firam ɗin da muka tanada, na fito na miƙa wa Mama. Ban ce musu komai ba game da ƙwanƙwasa, ko allura, ko inuwa. Bitrus ya leƙo ta kafaɗarta, na ga ya ƙura wa madubin ido, don shi ma ya ga fim ɗin da idonsa da safe. Mama ta riƙe firam ɗin da hannu biyu, ba ta yi kuka ba, sai ma wani ɗan murmushi.

Ta ce, "Ya cika alkawari. Ya makara dai, amma halinsa ne."

Bitrus ya ce, "Mama, kansa fa..."

Ta ce, "Na gani. Haka ya ɗago ya kalle ni ranar. Bayan ya danna ne."

Ta naɗe firam ɗin a mayafinta, ta ɗauki mai farin hannun ma ta haɗa, suka tari acaɓa suka tafi. Washegari na bi motar 'yan cocinsu na je ƙauyen, na tsaya daga nesa, na gan ta a gaban akwati riƙe da hoton a ƙirjinta, tsohuwa riƙe da kanta tana amarya. An yi ƙus-ƙus, na ji da kunnena, amma ba wanda ya je ya same ta. Yara kuwa sai turereniya suke yi suna neman kakansu a cikin madubi.

Situdiyon bai kai ƙarshen shekara ba muka rufe. Bitrus ya ce in ɗebi abin da nake so a kayan, na ɗauki kujera da fanka, taima kam na ce ya bar shi a gidansu. Tun ranar hoton Mama ban sake danna shi ba, 'yan fasfo ɗin da na wanke kafin mu rufe da baki na riƙa ƙirga sakan. Na yi wa wani malami a Tudun Wada zancen, ya ce aljanu ne, na yi wa wani tsohon mai gyaran rediyo, ya ce sifirin da ke juya allurar taima ne ya gaji. Na ce to sifirin ne ya ɗaga wa Baba kai a hoto? Ya ce wannan kuma ba fanninsa ba ne.

Mama Rifkatu ba ta mutu a shekarar ba kamar yadda masu ƙus-ƙus suka so a ce, ta rayu ta ga tattaɓa kunne, sai bara Allah ya yi mata cikawa. Ni yanzu shago gare ni na buga fosta da katin biki da kwamfuta, yankan mutum daga hoto ba ya ɗaukar ni minti ɗaya. Sai ga Bitrus ya shigo da furfurarsa, da firam ɗin nan a hammata. Ya ajiye a teburina, ya ce 'yan'uwansa mata sun ce wannan ne hoton Mama da ya fi kyau, a ciro ta ita kaɗai a yi fosta.

Na kalli hoton. Bai dushe ba ko kaɗan, Baba yana nan a madubi yana kallonta. Na tura masa firam ɗin gabansa na ce, "Bitrus, akwai shaguna da yawa a layin nan."

Ya yi 'yar dariya ya ce shi ma da ma so yake ya ji daga bakina, don ya sami abin gaya musu. Muka buga shi yadda yake, da wadurof da madubi da komai.

To jama'a, ni ban san mene ne ya tsaya kusa da ni a ɗakin nan ba, kuma na daina tambaya. Shawarata dai biyu ce. In akwai wani a gidanku wanda kullum shi ke riƙe waya yana cewa ku matso ku yi murmushi, ku karɓe ta wata rana ku ɗauke shi, ko yana so ko ba ya so. In kuma aka yi muku rasuwa kuka ɗauko hoto za ku yanke mamacin daga jikin wanda yake tsaye da shi, ku ɗan dakata tukuna, ku duba da kyau wa yake kallo.